Abin da Inna Ta Zuba a Kwalaben Manal

Shisha, Makka,
Watan Muharram.

Zuwa ga Yaya Ɗaso,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, da fatan takardar nan za ta iske ki lafiya, ke da Malam da yara da jikoki baki ɗaya. Na ji labarin ciwon bayan da ya kwantar da ke, Allah ya sa kaffara ne, ya kuma sa ki daina ɗaukar abin da ya fi ƙarfinki, ko da yake na san wannan addu'ar ta biyu sai an dage. Mu nan alhamdu lillahi. Hajji ya wuce lafiya, alhazai sun fara watsewa, har mutum na iya samun tasi daga Shisha zuwa Harami ba tare da faɗa ba. Maigidana Abu Talal yana nan yana zuwa wankin ƙoda, wata rana da ƙarfi wata rana sai a hankali, amma bakinsa ƙalau yake, bai fasa yi wa kowa gyara ba. Ɗanki Talal da matarsa Rawan sun tare a unguwar Zahir, suna leƙo mu duk Juma'a. Alhaji Kabo na unguwarku ne zai kawo miki wannan. Na so in yi miki saƙon murya kamar kullum, amma kin san gidan nan, Inna tana cewa kunnenta ya mutu, sai an fara maganar da ba a so ta ji yake farfaɗowa.

Yaya, ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Inna ba za ta zo gida bana ba. Babu wani sabon ciwo, kada hankalinki ya tashi ta wannan wajen. Kin dai san yadda muka tsara: 'yarki Manal ta gama aikinta na tsibiri, bayan Hajji ta ɗauko kakarta su zo Kano su yi 'yan watanni a wajenki. Ni ba ni da halin barin Abu Talal da asibitinsa, Talal kuma namiji ne, Inna kuwa mace take bukata a gefenta, wadda za ta kai ta banɗaki a jirgi ta yi mata allurar sukari a kan lokaci. Likitan zuciyarta ma bai ɓoye mana ba, ya ce in za a yi tafiyar a yi ta bana, baɗi ba ya iya cewa komai. Duk da haka an fasa, kuma Manal ta koma tsibirin. Na san abin da zai fara zuwa bakinki, za ki ce 'ya'yan Makka ke nan, aiki ya fi musu kaka. Shi ya sa na ce gara in ba ki labarin tun daga tushe, don yarinyar nan ba ta cancanci zagi ba, tsohuwar ma haka.

Sai na fara yi miki bayanin aikin, don ni kaina da in an tambaye ni cewa nake yi tana auna ruwa, in wuce. Yarinyar da aka haifa a garin da babu ko rafi, ita ce ta je Jidda ta karanta teku, har wani ofishi ya ɗauke ta ya tura ta Maldif. Ƙasa ce ta Musulmi, 'yan tsibirai ne barbaje a tsakiyar ruwa, kuma wanda aka kai ta yana can nesa da babban birninsu. Ta ce babu tudun da ya kai katangar gidanmu na Kano tsawo a duk faɗinsa. Ruwan da suke sha na sama ne, wanda suka tara a tankuna da wanda ya nutse cikin yashi ya kwanta a rijiyoyi. In rani ya yi nisa tankuna su ƙafe, ruwan teku ya kutso ta ƙasa, rijiyoyin su koma zartsi, kuma kowace shekara abin gaba yake yi. Gwamnatinsu tana so ta kafa injinan tace ruwa, amma ba za su isa kowa a lokaci guda ba, saboda haka aka ce za a fara da inda awo ya nuna abin ya fi tsanani. Aikin Manal ke nan. Shekara guda tana bin rijiyoyin tana zura wata 'yar na'ura tana ganin yawan gishirin, tana aika wa ofis. Sai dai akwai ƙa'ida: ba a karɓar abin da na'urar hannu ta faɗa sai an ɗebo ruwan kansa a ƙarshen rani, lokacin da ya fi lalacewa, an kai ɗakin gwaji ya tabbatar. In babu wannan, duk wahalar shekarar ba ta shiga rahoton da za a kai wa masu yanke hukunci.

Ɗakin gwajin da suke aiki da shi a Jidda yake, shi ya sa aka ba ta kwalaben ta taho da su. Jirginta ya sauka ranar Alhamis an riga an tashi, ba za a buɗe ba sai Lahadi, sai ta wuto gida da su a cikin kula mai ƙanƙara. 'Yan ƙananan kwalabe ne, kowace an cika ta har baki, an naɗe murfin da salatif, an rubuta lamba a jiki. Ta fitar min da miya da tumatir daga firij ba ko sannu, ta jera kayanta, ta ja kunnena da na babanta cewa kada kowa ya taɓa. Muka ce to.

Da safen Juma'a ta zauna a ƙasa tana matsa wa Inna ƙafa, tana ba ta labari da Hausar nan tata mai ɗingishi, Inna tana gyara mata tana dariya. Ta nuna mata hoton tsohuwar da ta sauke ta a gidanta, wadda ta riƙe ta kamar 'yar cikinta, da na jikokin matar, jikinsu duk ƙuraje saboda wanka da ruwan gishiri. Ta ce ɗan matar ya riga ya faɗa, in ba a kawo inji ba zai kwashe iyalinsa su koma birni, yadda gidaje da yawa suka yi aka bar tsofaffi su kaɗai. Ina kicin na ji Inna ta daina dariya. Ta ce ita ta san zartsi, ta tuna rijiyar gidanmu ta cikin gari wadda sabulu ba ya kumfa a ruwanta. Ta tambayi ina ruwan yake, Manal ta tura ta a kekenta har gaban firij ta nuna mata, ta ce ga na kowace rijiya nan. Ba ta ja mata kunne ba, don rabon Inna da buɗe firij da kanta tun da gwiwoyinta suka ƙi.

Kin san Inna da Zamzam, ba sai na faɗa miki ba. Tun muna yara, in alhaji ya kawo mata ɗan kaɗan a kwalba ba ta shan shi haka, sai ta ɗiga a randa don kowa ya samu. A nan kuwa da take samu da jarka, abin ba iyaka. Ruwan wankan jariri, ruwan shan magani, wanda za a aika wa maras lafiya a maƙota, duk sai ta ɗiga. Ba ita kaɗai ba ce, rabin tsofaffin unguwar Jarwal ta nan Makka haka suke yi, ni ma ina yi. To muka tafi Harami, ni da Manal da babanta, muka bar ta a kan sallaya da carbi. Tsohuwar da sai an kama ta take tashi, ita ce ta dafa bango ta kai kanta kicin, ta jawo kujera, ta sauko da kwalaben nan. Ta warware salatif ɗin kowace a hankali don kada ta yaga wa jikarta kaya. Da ta ga a cike suke ba wurin ƙari, sai ta riƙa rage kaɗan a kofi, ta ɗanɗana, ta cike gurbin da Zamzam, ta tofa addu'a ta mayar da murfi. Abin da ya fi karya min zuciya, Yaya, wadda ta ji gishirinta ya fi yawa ita ta fi rage wa ta fi zuba wa, don a ganinta ita ta fi bukata. Ta naɗe su tsaf, ta mayar da kowace inda ta ɗauko ta, ta wanke kofin.

Da ta yi shiru da babu wanda zai sani, don naɗinta ya fi na Manal kyau. Amma ai ba ta ɗauka ɓarna ta yi ba balle ta ɓoye. Muna cin shinkafa bayan mun dawo, Talal da Rawan suna nan, ta dubi Manal fuskarta fal murna ta ce ta kwantar da hankalinta, ta riga ta yi wa rijiyoyin nan magani, in Allah ya yarda albarkar za ta bi ruwan har can inda aka ɗebo shi. Na ga cokali ya tsaya a hannun Manal. Ta tambaya da Hausa, ta sake tambaya da Larabci, ta tashi ta buɗe firij ta ɗaga kwalba ɗaya tana dubawa. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi da ya fi min sauƙi. Ta dai kira Inna da ya sitti, wato kakata, kamar yadda ta saba, ta ce ta ɓata mata shekara guda, ta shige ɗaki ta rufe. Inna kuwa ranta ne ya ɓaci. Ta ce tunda take ba ta taɓa jin bakin Musulmi ya ce Zamzam ya ɓata abu ba sai yau a gidan 'yarta, in haka karatun yake koyarwa to Allah ya sauwaƙe.

Abu Talal, da tunaninsa na ɗan kasuwa, shi ya fara kawo mafita. Ya ce ma'alesh, ba komai, ruwa ne a cikin ruwa, naɗin ma yana nan daidai, ta kai musu ranar Lahadi ta yi shiru, khalas, shi ke nan. Talal ya goyi bayansa, ya ƙara da cewa in ta yi magana ita za a kama da laifin kawo kayan ofis gida. Ni kuwa ban ce a yi ba, ban kuma ce kada a yi ba, don tausayin yarinyar ya rufe min ido. Da Manal ta fito idonta jawur, ta saurare su har suka gama. Sannan ta ce a ajiye ma maganar amana, wadda ita kaɗai ta isa, su duba abin da zai faru in ta kai. Rijiyar da ta fi kowace lalacewa ita za ta fito ta fi kowace kyau, ɗakin gwaji zai ce na'urarta ƙarya ta yi duk shekara, a rubuta cewa tsibirin lafiya lau yake, a tura shi ƙarshen layi ya yi shekaru ba a waiwaye shi ba. In kuwa ta ce kwalaben sun lalace, za a bar gurbinsa babu komai, kuma wannan ana iya dawowa a cike shi. Babanta ya janye maganarsa, abin da ba kasafai nake gani ba.

Inna ce ta rage, tana ɗaki ta juya wa kowa baya, ta ƙi shan shayinta. Na rasa ta inda zan ɓullo mata, don in na ce Zamzam bai yi laifi ba za ta ce to kukan na mene ne. Ranar Asabar ina yi mata allura sai dabara ta zo min. Na tambaye ta me ya sa ranar da za a ɗebi jininta likita yake hana ta karyawa, ko da dabino ɗaya ne, alhali dabino abinci ne mai albarka. Ta ce don ya ga ciwon yadda yake. Na ce to da wani mai ƙaunar ta zai tausaya mata ya haɗa jininta da na Rawan mai lafiya kafin a kai, me likita zai yi. Na gama na rufe allurar. Can ta ce zai sallame ta ba magani. Sai kuma ta ce ashe ɓoye ciwon yaran nan ta yi. Yaya, na ga Inna ta binne miji ta binne ɗa, ban ga ta yi irin kukan da ta yi ranar ba. Ta ce a ɗauko mata mayafinta mai kyau, Talal ya kai ta Jidda ta durƙusa wa masu ofishin ta faɗa musu ita ce, ba yarinyar ba. Da ƙyar muka lallashe ta.

Ranar Lahadi Manal ta je da kanta ta faɗi gaskiya. An yi mata faɗa a kan kai kwalaben gida, ta karɓa ba musu, ko sunan kakarta ba ta ambata ba, ta ce a hannunta abin ya faru. Suka ce ko za a yi maza a sake ɗebo wani. Ta kira tsibirin, aka ce mata ruwan sama ya sauka bayan tahowarta, rijiyoyi sun cika, gishirin ba zai sake nuna kansa ba sai wani ranin. Haka aka rufe rahoton aka miƙa ba tsibirin a ciki. Abin da ya fi yi mata nauyi shi ne faɗa wa tsohuwar da ta sauke ta. Ina zaune ta kira ta, suna yi da yarensu da ta ɗan koya. Daga baya ta ce min matar ba ta yi fushi ba, ta ce Allah ya saka wa wadda ta tuna da su a Makka. Amma ta kuma ce ɗanta ya fara neman ɗaki a birni, ba ta san ko zai iya ƙara jira ba.

Daga nan gidan ya zama wani iri. Hajji ya matso, baƙi suka cika mu kamar kowace shekara, ana dafawa ana saukewa, amma mutum biyu a cikinmu ba sa haɗa ido. Manal ba ta yi rashin kunya ba ko sau ɗaya. Tana gaishe ta da safe, tana miƙa mata magani, sai dai tsokanar nan tasu ta jika da kaka ta mutu murus. Inna da ta fara tara tsarabar Kano tun kafin azumi, ta daina cewa a kai ta kasuwa. Jarkar Zamzam tana nan kusa da gadonta, sha kawai take yi, ko a shayin Abu Talal ta daina ɗigawa. Ni ce a tsakiya, uwa a nan 'ya a can. Wallahi na ji haushin su duka biyun, na kuma ji tausayin su, har na rasa wanne ya fi yawa.

Ana cikin haka ofishin ya kira Manal. Suka ce baɗi za a sake duba tsibiran, kuma in aka samu cikakken awo daga wannan daminar har ƙarshen rani, da kwalabensa, za a saka nata. Amma ba su da wanda za su tura, wurin ya yi nisa kowa ya ƙi, kuma in za a yi sai a fara yanzu. A baranda ta amsa wayar, da Larabci, murya ƙasa-ƙasa. Na ji ta ce musu ba za ta iya ba, ta yi wa kakarta alkawarin kai ta gida, likita kuma ya ce bana ne. Ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa, ban kuwa faɗa ba. Sai dai tagar Inna a kan barandar take, kuma tsohuwar nan da ta daɗe tana cewa ita ba ta jin Larabci sai na sallah, ashe babu abin da ya wuce ta.

Washegari bayan la'asar ta aika a kira mu, ni da Manal. Ta sa aka zaunar da ita sosai, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta kamar mai karɓar baƙi. Ta ce wa Manal alkawarin nan ita aka yi wa, saboda haka ita ke da ikon warware shi, kuma ta warware. Manal ta buɗe baki, Inna ta ɗaga mata hannu. Ta ce ita ta sha ruwan Kano ta ƙoshi, ke kuma kina ganin fuskarta a waya, amma tsohuwar can in aka kwashe mata jikoki ba ta da mai miƙa mata buta. Ta ce hannunta ne ya cire su daga layi, ba za ta hau jirgi ta tafi cin tuwo ta bar su a haka ba, in ta yi ba ta san me za ta faɗa a kabari ba. Na tuna mata abin da likita ya ce. Ta harare ni ta ce ba likita ne ya rubuta ba, kuma mutuwa a Makka ba abin da ake yi wa mutum jaje ba ne. Na san ƙarfin hali take yi. Ni ce nake jin ta kullum tana ambaton ƙawayenta na unguwa, tana tambaya ta ko wance tana nan.

Makon jiya Manal ta tafi. Da hantsi Talal ya kawo mota, aka fito da kaya falo, jakarta da kular nan cike da sababbin kwalabe babu komai a cikinsu. Kin san tun muna yara babu wanda ya taɓa fita gidanmu da kaya Inna ba ta dafa su ta yi addu'a ba, ko kwandon zuwa ƙauye ne. Aka turo ta, ta dafa jakar tufafin ta yi abin da ta saba. Da ta zo kan kular sai na ga ta miƙa hannu ta janye, ta cusa hannayen biyu cikin mayafi ta ƙanƙame su a cinya. Ta ɗaga kai ta tambayi Manal, kuma da gaske take tambaya ba wasa ba, ko in ta yi addu'ar daga nan inda take, ba ta taɓa ba, ba ta tofa ba, ita ma za ta ɓata awon. Manal ta zube a gabanta. Ta zaro hannayen nan daga cikin mayafin, ta ɗora su a kan murfin kular ta danne da nata, tana kuka tana cewa ta yi, ta yi da yawa. Sun daɗe a haka har Talal ya fita ya kashe motar. Abu Talal da yake cewa hawaye aikin mata ne, sai ga shi yana laluben aljihu yana neman abin da bai ajiye ba.

To kin ji yadda aka yi. Manal ta sauka lafiya, ta ce ɗan matar ya yarda zai ƙara rani ɗaya ya gani. Ko za a saka tsibirin baɗi, ko injin zai zo, Allah kaɗai ya sani. Roƙona gare ki, in kin kira kada ki tayar wa Inna da maganar, kada kuma ki yi wa Manal faɗa, kowacce ta sha nata. Sannan ki zauna da Malam da Mudassir a duba maganar zuwanku Umara, kada a ce sai azumi. Abu Talal ya ce masauki kada ya dame ku. Ban ce na ga wani abu ba, tana ci tana sha tana yi min faɗa, amma ƙafafunta sun fara kumbura da yamma, kuma hawa gado ma yanzu sai ta tsaya ta huta.

Ki gaishe min da Malam da kyau, da Mudassir da iyalinsa, da Mukhtaru, ki ce masa har yau ina jiran hoton jaririyar. Ki gaishe da auta Mujahida, Allah ya ba ta sa'ar jarrabawa, da Goggo Khalida in kin leƙa ta. Abu Talal yana gaisuwa, Talal da Rawan ma haka. Inna ba ta san abin da na rubuta ba, ta dai san takarda za ta zo miki. Ta ce in gaishe ki, in sa miki albarka da bakinta. Ta kuma ce lallai in faɗa miki, ɗakin da ta ji kin yi wa fenti kin saka sabuwar katifa, ki buɗe shi ki ba Mujahida ta riƙa kwana a ciki, kada a bar shi a rufe ana jiran ta.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Fatsuma (Ummu Talal)